Malam-buɗe-littafi iri biyu da matsalar fassara kalmar « porte-queue »

A wannan ɗan bayani za mu kwatanta ƙwari biyu na dangin Papilionidae, domin nuna inda fassarar kalma da kalma ke ɓatar da mai koyo. Maganar ta shafi littattafan koyarwa da Hausa, musamman tun da dokar ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar.

Na farko shi ne Papilio machaon, wanda Linné ya raɗa wa suna a 1758. Ana samunsa a Turai da Asiya da arewacin Afirka. Fikafikansa ruwan ɗorawa ne masu baƙaƙen layuka, kuma kowane fiffiken baya yana da ɗan tsiro kamar wutsiya. Daga nan ne Faransanci ya kira shi « grand porte-queue ». Tsutsarsa ganyen karoti da danginsa take ci.

Na biyu, Papilio demodocus (Esper, 1798), shi ne wanda yaran unguwar Lazaret a Yamai suka sani, don yana shawagi a gidajen da ke da iccen lemun tsami. Shi baƙi ne ya rinjaya a jikinsa, da ɗige-ɗigen ɗorawa, da tabo biyu kamar ido a kowane fiffiken baya. A kan ganyen lemu macen ke yin ƙwai. Tsutsar tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, sai ta girma ta zama kore. Tana iya cinye ganyen dashe ƙarami ƙaf. Abin lura a nan: ba shi da wutsiya ko kaɗan.

Ke nan idan aka fassara sunan dangin da « mai wutsiya », ɗalibi zai duba na gidansu bai ga wutsiya ba, ya ɗauka wani ƙwaro ne dabam. A ganinmu abincin tsutsa ya fi dacewa da zama ma'aunin rarrabewa: « malam-buɗe-littafi na lemu » da « malam-buɗe-littafi na karoti ». Mun zaɓi « na » a kan ɗafa « -n » saboda harɗaɗɗen sunan jimla ce ta umurni da ta daskare. In aka ce « malam-buɗe-littafin lemu », kunne zai ji kamar littafin ne na lemu.