Ɗanyen nama ko abincin gwangwani: Wanne ya fi dacewa da kyanwar gida?

A gidajenmu na da, ba a yi wa kyanwa kasafin abinci. Ragowar tuwo da ƙashin kifi take samu, sauran ta cike da ɓera da ƙadangare. Yanzu kuwa a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja ana samun masu sayen maguna 'yan waje da kuɗi mai yawa, su killace su a ɗaki. Kyanwar da ba ta farauta, abin da aka zuba mata a kwano shi ne lafiyarta, shi ya sa masu kiwo ke muhawara tsakanin ɗanyen nama da abincin gwangwani.

Abin da jikin kyanwa ke nema

Kyanwa ba kamar kare take ba, dole sai da nama take rayuwa. Jikinta ba ya iya haɗa isasshen wani sinadari mai suna taurin, wanda ake samu a nama, musamman zuciya. Idan ta rasa shi, idonta na lalacewa har ta makance, zuciyarta kuma ta buɗe ta yi rauni.

A shekarar 1987 ne wani likitan dabbobi, Paul Pion, da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa ƙarancin taurin a abincin kanti ne ke haddasa wa maguna wannan ciwon zuciya. Daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa, cutar kuma ta ragu ƙwarai.

Sannan asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, wadda ta saba samun ruwa daga jikin abin da ta kama. Har yau mage ba ta cika shan ruwa ba. A nan ɗanyen nama da na gwangwani duk sun fi busasshen abinci, domin kusan kashi 75 cikin 100 na abin da ke cikin gwangwani ruwa ne, busasshe kuwa bai wuce kashi 10 ba.

Hujjar masu ɗanyen nama

Masu wannan ra'ayi na cewa babu mai dafa wa kyanwar daji abinci. Sukan kafa hujja da gwajin da wani likita a Amurka, Francis Pottenger, ya yi daga 1932 zuwa 1942 a kan maguna kusan 900, inda waɗanda aka ba ɗanyen nama suka fi masu cin dafaffe lafiya. Sai dai a lokacin ba a san muhimmancin taurin ga kyanwa ba, kuma masana da dama na ganin asararsa wajen dahuwa ce ta jawo bambancin.

Wata matsalar ita ce tsokar nama ba daidai take da ɓera ba. Idan kyanwa ta kama ɓera, har ƙashi da kayan ciki take cinyewa. Tsoka zalla ba ta da isasshen sinadarin kalsiyam, kuma 'ya'yan kyanwa da aka raina da ita kaɗai ƙashinsu kan yi laushi har ya karye. Yawan hanta na jawo taruwar bitamin A mai sandarar da wuya da gaɓoɓi, wasu nau'o'in ɗanyen kifi kuma na lalata bitamin B1.

Haɗarin ƙwayoyin cuta

Wannan ne ya fi damun likitocin dabbobi. Tsakanin 2010 da 2012, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gwada samfura 196 na ɗanyen abincin dabbobin gida, ta samu ƙwayar salmonela a 15, listeriya kuma a 32. A 2012 ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fitar da matsayar hana ba karnuka da maguna ɗanyen nama.

A Birtaniya, masana a Jami'ar Edinburgh sun danganta ɓullar tarin fukan shanu a tsakanin magunan gida a 2018 da 2019 da wani ɗanyen abinci na naman barewa. A Disambar 2024 kuma wata kyanwa da ba ta fita waje ta mutu a jihar Oregon ta Amurka da murar tsuntsaye ta H5N1, bayan ta ci daskararren ɗanyen naman talotalo na kanti. Sanyin firiza ba ya kashe irin waɗannan ƙwayoyin.

Wannan ba labarin nesa ba ne, domin a jihar Kaduna aka fara tabbatar da H5N1 a nahiyar Afirka a Fabrairun 2006, kuma cutar na ci gaba da dawowa gonakin kaji. Jefa wa kyanwa mushen kaza ko kayan cikinta ɗanye ganganci ne.

Haɗarin bai tsaya ga kyanwar ba. Tana iya ɗauke da salmonela ba tare da alamar ciwo ba, ta bar ta a kwano da kashinta. Ɗanyen nama kuma na cikin hanyoyin da take kamuwa da tokzoplasma, ƙwayar da ke iya cutar da ɗan tayi idan mai juna biyu ta kamu. Gidan da ke da mai ciki, ƙananan yara, tsofaffi ko mai raunin garkuwar jiki, bai dace a shigo da wannan tsari ba.

Shi ma gwangwani da nasa

Ana dafa abincin gwangwani da zafi mai tsanani bayan an rufe shi, abin da ke kashe ƙwayoyin cuta. Amma bai tsira daga aibi ba. A Maris 2007 an janye miliyoyin gwangwanaye da fakiti a Amurka da Kanada, daga baya aka gano sinadarin melamin a wani kayan haɗi da aka shigo da shi daga China, wanda ya lalata ƙodar karnuka da maguna da dama.

A Najeriya, akasarin abincin daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa na bin dala. Ga kuma matsalar wuta: gwangwanin da aka buɗe sai a firij, a ƙarar da shi cikin 'yan kwanaki, wanda aka zuba a kwano kuma kada ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a zafin bazara. Inda wuta ba ta zama, ƙananan fakiti na ci ɗaya sun fi.

Mai saye ya duba ranar lalacewa, ya guji gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa, ya kuma tabbatar an rubuta cewa cikakken abinci ne, domin wasu na marmari ne kawai. Sardin ɗin mutane ba abincin kyanwa ba ne saboda gishiri da mai, haka ma abincin kare, wanda ba a haɗa shi da buƙatar kyanwa ba.

Idan aljihu bai kai ba

Ga yawancin gidaje, cikakken abincin gwangwani ya fi ɗanyen nama aminci. Wanda ba zai iya saye kullum ba zai iya haɗa shi da busasshen abincin kyanwa da ruwa mai tsabta, ya ƙara da dafaffiyar kaza ko kifi da aka cire wa ƙashi. Kada a sa gishiri ko magi, albasa da tafarnuwa kuwa guba ne gare ta, suna fasa ƙwayoyin jininta. Madara ma na sa manyan maguna da yawa gudawa.

Duk canjin abinci a yi shi sannu a hankali cikin mako guda zuwa kwana 10. Wanda ya dage sai abincin haɗin gida, ya nemi likitan dabbobi ya tsara masa ma'auni, kamar a asibitocin koyarwa na dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Kyanwar da ta ƙi cin abinci fiye da kwana ɗaya kuma a garzaya da ita asibiti, domin yunwar 'yan kwanaki na iya taɓa hantarta.