Man gyaɗa a Agege: na asali da mai aron suna

Idan magariba ta yi a Agege, tsohon zangon Hausawa da ke bakin layin dogo a Legas, ƙamshin tsire ne ke tarbar baƙo. Mai nama zai shafa wa tsinke man gyaɗa, ya barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, duka biyun daga ƙwaya ɗaya suka fito. Ta nan Agege jirgin ƙasa ya riƙa wucewa da gyaɗar Kano zuwa bakin teku tun 1912.

Masu suyar ƙosai da masa suna son wannan mai ne saboda yana jure wuta. Kusan rabin kitsensa irin wanda ke cikin man zaitun ne, yana da bitamin E, ba shi da kolestirol. Sai dai babban cokali ɗaya kalori 120 ne ko kusa, abin lura ga wanda ke yini a kan kujerar ofis.

Matsalar tana wajen suna. Duk farin mai, Bayarabe ya ce "ororo", Bahaushe ya ce man gyaɗa, alhali da yawa tataccen manja ne ko man waken suya. Na asali, wanda mata ke matsewa a gida bayan sun soya gyaɗa sun niƙa, ƙamshinsa ke nuna shi. Shi ma yana da nasa raunin: babu bitamin A da doka ta wajabta wa masana'antu su zuba, kuma idan gyaɗar ta yi funfuna, gubar afulatoksin mai lahanta hanta kan bi ta, musamman cikin ƙuli-ƙuli.