Daga Kano Zuwa Jidda

Ran nan da hutu kakata ta ce mini, "Kai ɗan boko, kwana nawa jirgin alhazai ke yi kafin ya kai Jidda?" Tsoro take ji, don mahaifinta da ƙafa ya tafi, sai bayan shekaru ya komo. Na rasa amsa, kunya ta rufe ni.

Da muka koma makaranta, malaminmu na labarin ƙasa ya sa na miƙa zare bisa ƙwallon taswirar duniya daga Kano zuwa Jidda. Zaren ya ratsa Cadi da Sudan, ya tsallake Bahar Maliya. Na auna shi a layin da ya raba duniya biyu, ya ba ni digiri 31, kowane digiri kuwa kilomita 111 ne. Wajen kilomita 3,400 ke nan. Jirgin da ke cin kilomita 800 a awa, awa huɗu da 'yan kai sun ishe shi.

Amma fa ba kullum jirgi ke bin zare ba. A 2023 yaƙin Sudan ya tilasta wa jiragen alhazai zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Ga kuma batun agogo, Jidda na gabanmu da awa biyu. Na riga na rubuta wa Kaka kada ta yi salla can da agogon Kano.