Ko Kun Sani? Waƙar Soul Ta Riga Masu Ita Isa Accra

Tun kafin mawaƙan soul na Amurka su taka Accra, ƙungiyoyin kiɗa na kwaikwayo ne ke rera waƙoƙinsu a gidajen rawa. Gwaninsu shi ne Geraldo Pino, ɗan Saliyo, wanda a shekarun 1960 ya zagaya Ghana da Najeriya da ƙungiyarsa Heartbeats, yana kwaikwayon James Brown kamar an tsaga kara. Shi kansa Fela Kuti bai ɓoye yadda Pino ya girgiza shi ba.

Masu waƙoƙin na asali sun hau dandamali ranar 6 ga Maris, 1971. Wilson Pickett, Ike da Tina Turner, Roberta Flack da Staple Singers suka raba dare a wasan Soul to Soul, a dandalin Black Star da ke kusa da Kasuwar Makola.