Tukunya Ɗaya a Ƙasar Waje: Abin da Ke Riƙe da Ɗaliban Tallafin Karatu

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a watan Afrilun 2025 cewa gwamnatin tarayya ta daina tura ɗalibai waje a ƙarƙashin shirin BEA, wato tallafin karatu na yarjejeniya tsakanin Najeriya da wasu ƙasashe, gardama ta ƙi kwanciya. Wasu na cewa gara haka, a zuba kuɗin a jami'o'in gida. Wannan magana ce da za a iya zama a tattauna. Wadda ba ta da kan gado ita ce ta teburin mai shayi: wai yaran nan sun riga sun haye, dala suke ci, kukan daɗi kawai suke yi.

Masu wannan magana ba su san yadda aka raba nauyin ba. Ƙasashe irin su Rasha, Maroko, Aljeriya, Hungari da Sin su ke ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta. Ci da sha da sufuri, a wasu wuraren har da haya, suna rataye ne a kan alawus ɗin da Najeriya ke biya. A 2024 hukumar tallafin karatu ta tarayya ta zaftare alawus ɗin daga dala 500 a wata zuwa 220, alhali ɗaliban sun shafe watanni ba su ga ko sisi ba.

To, me suka ci a waɗannan watannin?

Amsar tana wajen 'yan uwansu ɗalibai. Yaron da ya taso daga Gusau ko Azare ya sauka Mosko ana shiga hunturu, bai iya karanta ko allon tashar jirgin ƙasa ba, domin baƙaƙen ma daban ne. Wanda ke tarbarsa yawanci ɗalibi ne da ya riga shi zuwa da shekara biyu ko uku. Shi zai ara masa rigar sanyi, ya saya masa layin waya, ya raka shi rajistar zama kafin wa'adi ya cika, ya nuna masa shagon da shinkafa ta fi araha. Shekarar farko ta koyon Rashanci ce, kuma kafin bakin sabon zuwa ya buɗe, babban nan ne tafintansa a asibiti da banki. A Maroko ma haka abin yake: Faransanci a aji, Larabcin Darija a kasuwa, ga mai gidan haya da bai san wani uzuri na Abuja ba.

Daga nan ake ɗora tukunya ɗaya. Mutum huɗu ko biyar a gida guda, wannan ya kawo mai, wancan taliya, wanda aka aiko wa yaji da kuka daga gida ya sauke su a tsakar ɗaki. Tsofaffin takardun jarrabawa na bin hannu daga aji zuwa aji. In wani ya kwanta ciwo, kafin iyayensa su ji an riga an yi karo-karo a zauren WhatsApp. Ɗaliban shirin har ƙungiya gare su, UNBEAS, kuma ita ta riƙa fitar da kokensu ga 'yan jarida lokacin da biya ya tsaya.

Sai dai a nan ne masu yabon zumuncin ma ke yin kuskure, suna ɗauka zai iya maye gurbin alawus. Adashi yana tafiya ne saboda masu zubi ba rana ɗaya aljihunsu ke bushewa ba: in kasuwar mai ƙosai ta mutu yau, ta mai ɗinki tana ci. Amma a ce duk 'yan adashin ma'aikatan mutum ɗaya ne, shi kuma ya riƙe albashi. Ranar zubi kowa zai zo hannu rabbana, uwar adashi ma bashi ake bin ta. Halin ɗaliban BEA ke nan. Mai biyansu ɗaya ne, don haka rana ɗaya suke tsiyacewa. Abin da ke saura a tukunyar shi ne ɗan abin da iyayen wasu suka iya turowa, a daidai lokacin da naira ta faɗi warwas, kuma da yawa daga cikin iyayen da ma rashin hali ne ya sa 'ya'yansu neman gurbin.

An ga amfanin irin wannan haɗin kai da iyakarsa a Sudan. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗaliban Najeriya, da yawansu 'yan Arewa, sun taru a Jami'ar Afirka suna jiran motoci, shugabanninsu na tattara sunaye, ana raba ɗan ruwa da abincin da ya rage. Amma buɗe iyakar Masar da kawo jirgi Aswan aikin gwamnati ne, kuma sai da aka kwashe kwanaki a bakin iyaka kafin rukunin farko ya sauka Abuja a farkon Mayu.

Abin lura shi ne, rufin asirin da ɗalibai ke yi wa juna yana rufa wa jami'ai asiri su ma. Tunda ba a ga kowa yana bara a titi ba, sai fayil ya ci gaba da kwana a kan tebur.

Ma'aikatar ilimi ta ce waɗanda ke can za a ci gaba da ɗaukar nauyinsu har su kammala. Wanda ya tafi Rasha karatun likita a 2023, da shekarar koyon harshe da shida na karatu, sai wajen 2030 zai gama. Kafin nan manyan da suka tarbe shi duk sun dawo gida, ba a kuma turo sababbi ba, masu zuba wa tukunyar suna raguwa kowace shekara. Rukunin ƙarshen nan ne ya fi kowa buƙatar a tsayar masa da ranar biya, a kuma cika ta.