Tsakanin kwalta da baƙar laka: Yadda ɗan kasuwar Gadarif zai zaɓi tayar motarsa

Duk wanda ya san Jihar Gadarif da ke gabashin Sudan ya san cewa hanyoyinta suna da fuska biyu. Akwai babban titin da ya taso daga Khartum ya ratsa Wad Madani ya shigo Gadarif, ya wuce Kasala har bakin teku a Fot Sudan, sannan akwai wanda ya yi kudu ta Doka ya dangana da Galabat a kan iyakar Habasha, tafiyar kimanin kilomita 160. Waɗannan kwalta ne. Amma da zarar mutum ya sauka daga kansu ya nufi gonaki da kasuwannin ƙauye, to ya shiga baƙar laka, irin wadda mutanen Dikwa da Gamboru a Borno suke kira firgi. Da rani ta bushe ta tsattsage har ƙafar mutum ta iya faɗawa, da damina kuwa ta zama kamar danƙo.

Mota ɗaya ce ɗan kasuwa yake bin hanyoyin nan biyu da ita. Da safe ta kai yara makaranta a cikin gari, da hantsi tana kasuwar amfanin gona, gobe kuma tana daji ɗauko riɗi ko dawa ko ƙaro. Galibi a-kori-kura ce ƙirar Hilux, wadda mutanen Sudan suke kira boksi, ko kuma Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da suke yi wa laƙabi da tatsha. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 darajar fam ta faɗi, kayan mota suka yi tsada, sayen taya huɗu ya zama shawara irin ta sayen sa. Wanda ya yi kuskure a nan, jarinsa ne zai ji a jika, wani lokaci ma har da rayukan da ya ɗauko.

Iri uku ne a kasuwa

Masu ƙera taya sun raba ta motocin daji kashi uku, kuma kowace akwai haruffanta a jikinta ko a sunanta. Ta farko ita ce H/T, tayar kwalta, mai ƙananan zane a matse. Ba ta da ƙara, tana daɗewa a kan titi, ba ta shan mai, amma ƙaya da dutse suna cin ta da sauƙi. Ta biyu ita ce M/T, tayar taɓo, mai manyan haƙora da faffaɗan rami a tsakaninsu. Ita ce take burge mai saye a shago. Ta uku kuwa ita ce A/T, wadda aka yi ta tsaka-tsaki don ta taɓa nan ta taɓa can. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da shahararriyar irin wannan taya tun a 1976, kuma a yau kusan kowane babban kamfani yana da tasa, kamar Dueler ta Bridgestone da Geolandar ta Yokohama da Grandtrek ta Dunlop, baya ga na Sin da Indiya masu sauƙin kuɗi.

Tambayar da ya kamata mai mota ya fara yi wa kansa ita ce, a cikin wata goma sha biyu, nawa yake yi a taɓo? Daminar Gadarif, wadda ake kira kharif, tana kankama ne daga Yuni zuwa Oktoba, ruwan ya fi ƙarfi a Yuli da Agusta, kuma a shekara garin kan samu kimanin milimita 600, kudancin jihar ya fi haka. Sauran watannin duk busasshiyar ƙasa ce da kwalta mai zafi. Hada-hadar riɗi da dawa ma bayan ɗaukewar ruwa take tashi. Ke nan mafi yawan kilomitocin da motar ɗan kasuwa take yi da kaya, a busasshiyar hanya take yin su.

A irin wannan hanya tayar taɓo asara ce. Manyan haƙoranta suna cinyewa da wuri a kwalta, suna kuka kamar jirgi, suna ƙara shan mai, sannan idan aka taka birki a jiƙaƙƙen titi tana ɗaukar nisa kafin ta tsaya, domin robar da ke taɓa ƙasa kaɗan ce. Bugu da ƙari, lakar Gadarif idan ta sha ruwa sosai ba ta jin kunyar kowace taya. Takan cika ramukan zanen ta liƙe, taya ta koma sumul tana juyawa a wuri ɗaya. Tayar taɓo ta fi iya watsar da laka, gaskiya ne, amma inda lakar ta yi zurfi har ta taɓa cikin mota, sai tarakta. Shi ya sa tun da aka fara noman inji a yankin Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, tarakta ce motar damina a ƙauyuka da dama. Wanda zamansa yake a gona cikin kharif zai iya ajiye tayar taɓo ya ɗaura na wata uku. Ga sauran jama'a, A/T ce ta dace da shekara.

Ƙarfin jiki ya fi kyawun zane

Abin da ya fi kashe taya a wannan yanki abu uku ne: lodi, zafi da sara. Bayan girbi gonaki suna cike da kututturen dawa da na riɗi masu tsini, daji kuma ga ƙayar hashab da talha da kitir, sannan wajen Ƙala'an Nahal da tuddan da ke kewaye da garin Gadarif akwai duwatsu masu kaifi. Waɗannan ba saman taya kaɗai suke nema ba, gefenta suke yagewa, kuma gefen taya idan ya yage babu facin da za a amince da shi.

Don haka a duba rubutun da ke gefe kafin a duba zane. Akwai A/T da aka yi don motar hawa, akwai kuma mai haruffan LT ko C, wadda aka yi don ɗaukar kaya. Mai LT tana da kauri, kuma ana nuna ƙarfinta da 6PR ko 8PR ko 10PR, wasu kuma su sa harafin C ko D ko E a madadinsu. Ga motar da take lodi kullum, 8PR zuwa 10PR ita ce daidai. Sai dai a sani, tana da nauyi da tauri, idan mota ba kaya za a ji girgiza a gadon baya, kuma mai zai ɗan ƙaru.

Bayan lambar girma akwai wata lamba da harafi, misali 112S ko 120/116R. Lambar tana faɗin nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka: 110 kilo 1,060 ne, 112 kilo 1,120, 116 kilo 1,250, 120 kuwa kilo 1,400. Harafin kuma iyakar gudu ne: Q kilomita 160 a awa, R 170, S 180, T 190. Bari mu yi lissafi. Buhun dawa a Sudan yana kai kilo 90. Buhu 15 ya zama kilo 1,350, kuma kusan dukkansa a kan tayoyin baya biyu yake zama, ga nauyin bayan motar kanta, ga yaran mota a sama. Tayoyi biyu masu lamba 112 iyakarsu kilo 2,240 ne, wato an riga an kai bakin gaɓa. Haka zalika, tayar da ta fi ƙarfi ba ta ƙara wa sifirin da birki ƙarfi. Galibin waɗannan motoci an yi su ne don kaya kimanin tan ɗaya.

Darasin Firestone

Daga Maris zuwa Mayu zafin Gadarif yana haura digiri 40, kwalta kuwa ta fi haka nesa. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwashewa a kowane juyi, lanƙwasar tana haifar da zafi a ciki, zafin kuma yana raba roba da wayar ƙarfen da ke ƙarƙashinta har saman tayar ya ɓare ana cikin gudu. Duniya ta ga wannan a watan Agustan 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi kimanin miliyan 6.5 samfurin ATX da Wilderness AT, mafi yawansu a kan motar Ford Explorer, bayan haɗurran da suka ci rayuka sama da 200 a Amurka. Tayoyi ne na kwalta da daji a kan motocin da ake hawa kullum, kuma matsalar ta fi bayyana a wurare masu zafi. Tun a 1999 kamfanin Ford ya fara canza su a Saudiyya. Bincike ya nuna akwai aibi a ƙirar, amma zafi da ƙarancin iska da nauyi su suka tona shi.

Saboda haka geji na aljihu ya fi dukan taya da ƙarfe ana sauraren sauti. A auna iska da safe kafin mota ta motsa, a bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, inda akwai awon mota ba kaya da awon mota da kaya. Lambar da ke gefen taya iyaka ce, ba umarni ba. Idan an yi tafiya aka ga iska ta ƙaru, kada a rage, zafi ne ya ɗaga ta. A yashi ko taɓo mara zurfi ana iya rage iska don taya ta baje, amma a tafi a hankali, kuma a mayar da ita kafin a hau kwalta. Wanda ba shi da famfo a mota, gara ya bar ta yadda take.

Girma da shekaru

Wasu matasan direbobi suna son faffaɗar taya mai tsayi don ado. Lambar 265/70R16 tana nufin faɗi milimita 265, tsayin gefe kashi 70 cikin ɗari na faɗin, rim kuma inci 16. Idan aka cire ta aka sa 285/75R16, tsayin taya ya ƙaru da kimanin kashi 7 cikin ɗari. Mitar gudu za ta nuna 100 alhali ana 107, mota ta rage ƙarfin ja da kaya, birki ya ƙara wahala, taya kuma ta riƙa gogar jiki idan an yi lodi. Akwai kuma maganar samu. Taya mai baƙon girma idan ta fashe a Doka ko Basunda ko Hawata, sai an aika birni. Wannan ne ya sa tsohuwar 7.50R16 ta Land Cruiser ta daɗe tana da farin jini, domin siririya ce, ba ta cika kwasar ƙaya ba, kuma kowane mai faci, wanda a nan ake ce wa banshar, ya san ta. Sai dai rim ɗinta mai zobe yana da haɗari, ba a tsayawa a gabansa idan ana ba shi iska.

A motar fowil tayoyi huɗu da safaya su zama girma ɗaya, iri ɗaya. Haɗa tsohuwa da sabuwa masu bambancin tsayi yana wahalar da giya da aksul. Kuma kada a bar fowil a kunne a busasshiyar kwalta idan motar mai sakawa da cirewa ce, irin Hilux da tatsha, domin yana cin taya da giya tare.

Taya kuma tana tsufa ko ba a hau ta ba. A nemi haruffan DOT a gefe, lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta: 2423 na nufin mako na 24 na shekarar 2023. Yaƙi ya sa kaya suna daɗewa a rumbuna da kan hanya, wasu a cikin rana, ga kuma 'yan gwanjo da ake wankewa a shafa musu baƙi. Kamfanonin mota da dama suna ba da shawarar canza taya bayan shekara shida, Michelin kuwa ya ce a riƙa duba ta duk shekara bayan ta biyar, kuma kada ta wuce goma. A zafi irin namu, a ɗauki ƙaramar lambar. A duba tsattsagewa a gefe, da kumburi, da alamar faci a ciki, da ko an sake yanka zanen da wuƙa. A Turai doka ta hana hawa taya mai zanen da bai kai milimita 1.6 ba, amma wanda zai shiga laka yana bukatar ninki biyu ko uku na haka.

Lissafin ɗan kasuwa

Hausawa sun ce araha ba ta ado. A ɗauki misali kawai: taya ta fam 100 da ta yi kilomita dubu 25, da ta fam 160 da ta yi dubu 50. Ta biyun ce mai araha, tun kafin a sa kuɗin faci da kwanan daji da cinikin da ya wuce saboda an makara ranar kasuwa. Wannan bai nufin duk mai tsada ce mai kyau ba. Akwai na Sin da Indiya masu 8PR da suke aiki yadda ya kamata idan sababbi ne kuma ba a zalunce su da lodi ba. Abin lura shi ne a saya a wurin wanda za a iya komawa gare shi, a karanta kowace taya da ido kafin a biya.

Bayan an ɗaura, a yi alaimen da balansin, a riƙa sauya musu wuri gaba da baya duk bayan kilomita dubu takwas zuwa goma. Mai zuwa Galabat ya tuna cewa mashigar Matama ta sha rufewa da buɗewa a shekarun nan, ciki har da 2024, kuma mota kan tsaya da kaya a rana kwana da kwanaki, don haka safaya biyu ba almubazzaranci ba ne. Jak da katako da shebur da igiyar ja da famfo su zauna a mota tun kafin ruwan farko, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuwa an sauka daga kwalta aka tarar ruwa ya sauka jiya da dare, shayi a bakin hanya har rana ta busar da saman laka ya fi kuɗin hayar tarakta sauƙi. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa.