Daɓen siminti a ƙofar mangaza: gyaran ƙasa kafin zubi

Kamar yadda kowa ya sani, Damargu ƙasar hatsi ce tun kaka da kakanni. Da zarar an gama girbi, manyan motoci sukan baro kwaltar da ta tashi daga Damagaram ta bi ta Tanut zuwa Agadas, su kutsa cikin rairayi har Falanko da ƙauyukanta don ɗaukar gero da wake. Hanyar nan wani yanki ce na babbar hanyar da ta ratsa Sahara daga Aljazayir zuwa Legas, kuma tun da aka buɗe matatar man fetur ta SORAZ a bakinta cikin shekarar 2011 zirga-zirga ta ƙaru. Saboda haka ƙungiyoyin manoma da masu kula da bankunan cimaka suna da dalilin son daɓe ƙofar mangazarsu da siminti, domin mota ta tsaya daf da ƙofa ba tare da ta kafe ba.

Niyya ce mai kyau, amma aikin yana cin kuɗi. Daɓe mai tsawon mita 10 da faɗin mita 4 da kaurin santimita 15 yana cin siminti buhu 42, in an bi ƙa'idar buhu 7 ga kowane ma'aunin mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. Ko daga Malbaza aka yi lodinsa, ko daga Nijeriya, kafin buhu ya iso Falanko kuɗin mota ya hau kansa. To, duk wannan dukiya tana iya tsagewa cikin damina ɗaya, kuma sau da yawa ba siminti ke da laifi ba, ƙasar da aka zuba shi a kai ce ba a gyara ba. Tun ran gini ran zane.

Abin da za a fara dubawa shi ne irin ƙasar wurin. Manomin Damargu ba ya bukatar a koya masa bambancin jigawa da geza da fadama, ilimin nan kuwa shi ne magini yake bukata. Jigawa ba ta riƙe ruwa, wannan alherinta ne, amma rairayinta yana zamewa daga gefe in ba a tokare shi ba. Ƙasa mai laka ita ce mai ha'inci. Da rani takan yi tauri har mutum ya ɗauka dutse ne, da damina ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga daɓen, in iskar hunturu ta busar da ita ta tsuke ta bar rami a ƙarƙashi. Ranar da mota mai lodi ta hau wurin, sai daɓen ya karye. Inda aka tarar da irin wannan ƙasa, a ƙara zurfin haƙa, a cike da wadda ba ta kumbura.

Ko ina ne dai, sai an kwashe ƙasar sama duka, da saiwoyi da taki da tsohuwar shara. Gidan gara kuwa a tone shi har gindi, don ramukansa sukan rufta daga baya.

Sa'an nan a kawo burji. Tsofaffin mata sun riga injiniyoyi sanin wannan aiki. Lokacin da ake daɓen ɗakin amarya, sai su baza burji, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi, ba sa tashi sai ƙasa ta daina amsawa. Ƙa'idar ba ta sake ba. Ana baza burji hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 10 in da hannu ake bugu, a jiƙa, a daɓe sosai kafin a ɗora na biyu. Wanda ya zuba santimita 30 gaba ɗaya don ganin ido, sama kawai ya daɓe, ƙasan yana nan a kwance sakwa-sakwa. Gane yawan ruwa ba shi da wuya: a dunƙula burjin a tafin hannu. In ya watse, ruwa ya yi kaɗan. In ya jiƙa hannu yana ɗiga, ya yi yawa. In ya tsaya dunƙule, bugu ya yi.

Ruwan nan shi ne babbar wahala a Damargu, inda rijiyoyi suke da zurfi, kuma dabbobi suna jiran rabonsu. Ya kamata shugabannin ƙungiya su lissafa kuɗin tanon ruwa da amalanken da za ta kawo shi tun ranar da suke lissafin siminti, domin a nan ne ma'aikata sukan yi tsimi in ba mai sa ido.

Sauran abu shi ne gangare. Ko da yake ruwan sama kaɗan ne a yankin, in ya tashi sauka da ƙarfi yake zuwa. Dole daɓe ya karkata daga ginin zuwa waje, santimita 2 ga kowace mita, wato santimita 20 a kan tsawon mita 10. Ana aunawa da igiya da turaku tun ana kan burji, domin in an bari sai wajen zubi, wani gefe zai yi kauri wani ya yi siriri. Daɓen da ya karkata ciki kuwa, ruwa zai riƙa turawa ƙarƙashin buhunan gero.

Bayan haka a kafa katakai a gefe, a jiƙa burjin kaɗan kafin zubi don kada ya tsotse ruwan kwaɓin. A nemo yashi mai tsakuwa daga ƙorama, na tudu ya cika laushi. A bar tsaga a kowace mita 3. In an gama zubi a rufe da tsofaffin buhuna ko zana, a yi ta bayi safe da maraice har kwana 7. Babbar mota kada ta hau sai bayan kwana 28, saboda haka ƙungiyar da ke son daɓenta ya karɓi lodin kaka sai ta gama zubi wata guda kafin a fara kawo hatsi.